Zaman Ɗar-ɗar: Yadda Fargaba ke Cinye Hankali da Aiki a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Akwai wani ƙorafi da ake yawan ji a kudancin Katsina daga bakin mutanen da sana'arsu ba ɗaya ba. Malamin makaranta zai ce yaran yanzu ba sa riƙe karatu, a koya musu abu da safe, kafin a tashi ya bi iska. Mai awon hatsi zai ƙirga cinikinsa sau uku, kowane ƙirge ya ba shi lissafi daban. Tela ya yanka yadin mutane ba bisa awo ba, uwargida ta zuba wa miya gishiri sau biyu, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zauna gaban takarda ɗaya har azahar bai rubuta layi biyar ba. In ka tambaye su, amsar kusan iri ɗaya ce: "Hankalina ba ya jikina," ko "Kaina ya ɗau zafi." Yawancinsu kansu suke zargi. Wani ya ce lalaci ne ya kama shi, wani ya ce tsufa, wani ya ce imaninsa ne ya yi rauni, wani kuma ya fara tunanin ko hannu aka sa masa.

Ni dai ina ganin zaluntar kai ne. Mutumin da ya shafe shekaru yana barci da kunne ɗaya a buɗe, in hankalinsa ya ƙi tsayawa kan aiki, jikinsa ne yake yin abin da aka halicce shi ya yi a lokacin haɗari. Matsalar ita ce haɗarin ya ƙi ƙarewa.

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa na cikin ƙananan hukumomi takwas da ake kira na bakin daga a jihar Katsina, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ɗandume. Faskari da Ƙanƙara suna fuskantar dazukan da suka haɗe da Zamfara, Sabuwa kuma tana maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari. Ƙasa ce mai albarka, ta masara da dawa da auduga da waken suya, wadda hatsinta ke cika kasuwar Ɗandume da ta Funtuwa. A wannan ƙasa ce, cikin watan Yunin 2020, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Kadisau na Faskari suka kashe gomman mutane a yini guda. A daren Juma'a 11 ga Disamban 2020 suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji a ƙafa, sai ranar 17 ga watan aka sako yara 344, gwamnati kuma ta rufe makarantun kwana na jihar. A Fabrairun 2023 'yan sa-kai 41 suka rasa rayukansu a wani kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje na Ƙanƙara, sannan a Yunin 2024 aka sake yi wa garin 'Yargoje kansa mummunan kisa. A Fabrairun 2024 kuwa, a yankin Damari na Sabuwa, 'yan rakiyar amarya aka kwashe. Waɗannan su ne waɗanda suka kai ga kunnen duniya. Tsakaninsu akwai dubban darare da babu jaridar da ta rubuta, waɗanda ba a harbi kowa ba, amma babu wanda ya runtsa.

Waɗannan dararen su ne suka fi yi wa hankali illa. Ka ɗauki magidanci a ƙauyen da ke gefen hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Bayan isha'i ya kwanta da tufafinsa a jiki, takalmi a bakin ƙofa, waya a ƙarƙashin matashi. Can wajen ƙarfe ɗaya kare ya yi haushi, ya miƙe zaune yana kasa kunne. Ƙarar babur ce daga nesa. Guda ɗaya ne ko suna da yawa? Ta gabas ta taho ko ta yamma? Matarsa ma ta farka, amma babu mai magana don kada yara su ji. Ƙarar ta wuce, zuciya ta ci gaba da dukan uku-uku, barci bai dawo ba sai dab da kiran assalatu. Gari ya waye, wannan mutumin ne ake so ya tuna buhu nawa na taki ya ranta, ya yi ciniki da ɗan kasuwar da ya yi barcinsa lafiya a Funtuwa, ya kuma saurari ɗansa yana biya karatu.

Abin da ke faruwa a jikinsa likitoci sun daɗe da saninsa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, sukari ya kwarara cikin jini, narkar da abinci ta dakata, duk don mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. A lokaci guda sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda shi ne mai tsara aiki, mai riƙe lissafi, mai danne fushi, sai ya ja baya ya bar wa sashen tsoro ragama. Hikimar a fili take: wanda ake bi da bindiga ba ya buƙatar dogon nazari. An tsara wannan yanayi ne ya ɗauki mintoci, sannan jiki ya sauka. In ya zama kullum ne, wata da watanni, sai kuɗin ya fara fita daga jikin mutum. Masanin ƙwaƙwalwa Bruce McEwen na Amurka ya yi bayanin wannan tun 1993, cewa jikin da ake ta tayarwa ba a barinsa ya huta yana tara gajiyar da ke bayyana a hawan jini, ciwon kai, ciwon ciki, saurin fushi da mantuwa. Bahaushe ya riga ya lura da rabin zancen da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da ya rage a ƙara shi ne, gudun tsumma kullum yana cin ƙarfin da za a yi noma da shi.

Sai kuma nauyin kuɗi, wanda shi ma ɓarawon hankali ne mai zaman kansa. Iyalin da aka ɗauke wa mutum sukan sayar da gona, shanu, babur, har da hatsin da za a ci, su bi dangi da maƙwabta suna haɗa kuɗin fansa. In Allah Ya sa an sako shi, murna ta kwana biyu ce, bashi kuwa na shekaru. Ƙauyuka da dama sun san harajin da ake ɗora musu kafin su shiga gona ko kafin su kwashe amfani. A 2013 wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun wallafa binciken da suka yi kan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Sun gwada kaifin tunanin manoman kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, suka sake gwada su bayan an biya su kuɗin rake. Mutanen nan dai su ne, amma sakamakonsu ya fi kyau sosai bayan girbi. Tunanin yadda za a fita daga ƙunci yana mamaye wurin da lissafi da tsari ke zama. Manomin Tamil Nadu talauci kaɗai yake fama da shi. Na Sabuwa ga talauci, ga bashin fansa, ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, ga kuma kwanan ido biyu.

Dole a yi hattara da kiran duk wannan cuta. Yawancin abin da aka rubuta kan firgici an rubuta shi ne game da wanda bala'i ya riga ya wuce shi: sojan da ya dawo gida, ko wanda ya tsira daga hatsarin mota. Irin wannan ana iya ce masa ya kwantar da hankalinsa, abin ya wuce. Wa zai kalli mutumin Faskari ya faɗa masa haka? A 1987 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Afirka ta Kudu, Gill Straker, wadda ta yi aiki da matasan da ke gudun azabar mulkin wariyar launin fata, ta nuna cewa akwai bambanci tsakanin raunin abin da ya wuce da raunin abin da ake ciki. Ga wanda ke cikin haɗari, tsoro yana da amfani, shi ke sa ya san lokacin barin gona. Don haka ba cire tsoron ake nema ba. Abin nema shi ne a samar wa jiki wasu sa'o'i a kowace rana da zai ajiye gadi, da kuma iya rarrabe ƙarar da ta cancanci a miƙe da wadda ba ta cancanta ba.

A nan waya ta shigo. Lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar ƙuntata wa 'yan bindiga a ƙarshen Agustan 2021, aka rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da fetur a jarka, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. Mutane sun ɗanɗana zaman da ba ka iya kiran ɗan'uwanka ka ji ko ya kwana lafiya, kuma babu wanda zai so a koma can. Amma wayar da ke ceton rai ita ce kuma ke hana zuciya sauka. Saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa an ga babura a wuri kaza, babu rana, babu sunan mai magana, wataƙila ma na bara ne. Bidiyon gawarwaki ya zaga Facebook, mutum ya kalla a kan shimfiɗarsa. Jiki ba ya tantance tsohon labari da sabo, duk wanda ya gani tashi yake yi. Shawarar da nake ganin ta fi sauƙin ɗauka ita ce kowace unguwa ta san mutum biyu ko uku amintattu da labarin tsaro ke fitowa daga bakinsu, sauran jama'a kuma su yi wa kansu iyaka: a duba labari da safe da la'asar, a bar kallon hotunan gawa gaba ɗaya. Wannan ba rashin tausayi ba ne ga mamatan. Addu'a ta fi musu amfani da kallo.

Mutanenmu ba su zauna hannu rabbana ba. Abin da ya riƙe su har yau shi ne salla, addu'a, alƙunutu, tawakkali da zumunci, kuma duk mai son taimaka musu da ya raina waɗannan ya ɓata lokacinsa. Salloli biyar suna yanka yini gida-gida, suna tilasta wa mutum ya tsaya, ya wanke fuska, ya daidaita numfashi, ya haɗa kafaɗa da wani. Inda nake da ja shi ne yadda ake amfani da kalmar haƙuri a rufe bakin mai ciwo. Mace ta ce tun da aka sako ta ba ta iya barci, a ce mata ta yi haƙuri, ta gode wa Allah da ta dawo da rai. Ta gode, amma barcin bai zo ba, yanzu kuma ta ƙara da jin kunyar faɗa. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, babu wanda ya ce imaninsa ya ragu. Malamin nan na Balkh, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu kan tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin larurorin da ake yi wa magani kamar na jiki. Limamin da zai faɗi haka a kan mumbari ranar Juma'a zai sauke wa mutane da yawa kaya.

Akwai kuma hanyoyin da ke kama da mafita alhali rami ne. Matashin da ya kwana sintiri, gobe kuma yana da aikin gona, shi ne ake miƙa wa tiramadol a ce zai ba shi ƙarfi. Mai rashin barci ya sayi ƙwayar barci a kemis ba tare da likita ba, bayan 'yan makonni ba ya iya runtsawa sai da ita. Ko shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari, in aka sha su da yamma, suna ƙara wa daren tsawo. Duk waɗannan rance ne daga ƙarfin gobe.

To me ke aiki? Na farko barci, kuma barci a irin wannan wuri ba aikin mutum ɗaya ba ne. Muddin kowane magidanci shi ne mai gadin gidansa kowane dare, to gari gaba ɗaya ba ya barci, kuma babu wanda gadinsa ke da inganci. Inda aka tsara kwanan sintiri bi da bi, aka san wa ke ido biyu yau, aka yarda da shi, sauran sukan samu su saki jiki. Wanda ya kwana gadi kuma a ɗauke masa aikin safe, a bar shi ya yi ƙailula ba tare da an kira shi malalaci ba. Gayya da aka sani a noma tana da wannan fa'idar: masu aiki tare a gona ɗaya, da mutum guda a kan tudu yana duba hanya, sun fi mutum goma da kowannensu ke noma yana waiwaye.

Na biyu, a rage wa ƙwaƙwalwa kaya. Wanda damuwa ta yi wa yawa kada ya dogara da ka. Bashi, awo, alƙawari, ranar komawa asibiti, duk a rubuta, da boko ko da ajami, ko a ɗauka a murya cikin waya. Aikin da ke buƙatar lissafi a yi shi da hantsi. Babbar shawara irin ta sayar da gona ko tashi daga gari kada a yanke ta da dare, kada kuma a yanke ta a ranar da aka ji mummunan labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan dabaru cikin wani shiri na zama biyar da ta fitar a 2016, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan, garin da ya sha hare-hare, aka ga ya rage damuwa ƙwarai. Abin da ake koyarwa ba shi da wuya. Mutum ya zauna ya ja numfashi a hankali har cikinsa ya taso, ya sake shi a hankali, na 'yan mintoci, safe da yamma, don sakin numfashi a natse yana rage gudun zuciya. Ya raba matsalolinsa biyu, waɗanda yake da iko a kansu da waɗanda ba shi da shi, ya ɗauki ƙarama ɗaya daga kashin farko ya yi mata dabara a wannan makon. Ya koma wa ƙananan ayyukan da ya bari, ko da sharar tsakar gida ce ko zuwa majalisa. Ya kuma nemi mutum ɗaya da zai riƙa faɗa wa abin da ke ransa. Abin da ya fi burge ni shi ne masu koyarwar ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka horar.

Haka aka yi a Zimbabuwe, inda likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, binciken da aka wallafa a 2016 kuma ya tabbatar da amfanin hakan. Mu ma muna da irin waɗannan mutane: ungozoma, malamar Islamiyya, uwar adashi, mai unguwa, ma'aikacin ɗakin shan magani. Sai dai akwai wani ƙalubale namu na musamman. Tsoron infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ya sa mutum ba ya sakin baki ko a gaban maƙwabcinsa, don bai san inda maganar za ta kwana ba. Wannan rashin yarda na cikin manyan ɓarnar da rikicin ya yi, domin ya toshe hanyar da Bahaushe ya saba sauke damuwa, wato hira. Duk wanda za a ɗora wa aikin sauraro, sharaɗinsa na farko riƙon sirri ne.

Yara su ne suka fi ba ni tausayi. Yaron da ya kwana a daji, ko ya ga an tafi da mahaifinsa, in ya zauna a aji yana kallon taga, bulala ba za ta dawo da hankalinsa ba, sai dai ta tabbatar masa cewa nan ma ba wurin aminci ba ne. Malamin da ya gajarta darasi, ya yawaita maimaici, ya fara kowace safiya da abu iri ɗaya da yara suka saba, ya bar su su yi wasa su yi gudu, ya fi kusa da samun abin da yake nema. Malamin kansa ma a tuna da shi, shi ma a garin ya kwana.

Akwai matakin da dabarun gida ba sa isa. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ko ya daina cin abinci, ko abin da ya gani yake dawo masa kamar yanzu ake yi, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Addu'a da magani ba sa karo. Duk babban da ke cikin wannan hali ya riƙa auna jininsa, don hawan jini ba ya sallama. Gaskiya hanyar asibitin tana da nisa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, alhali likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai 300 ba, manyan asibitocinsu na arewa maso yamma kuma suna can Kaduna, Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta yi wa mutumin Sabuwa amfani ba sai ranar da ma'aikacin ƙaramin asibitin garinsa ya iya gane damuwa ya kuma san abin yi.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, a cikin 2025 kuma shugabannin al'umma a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, suka zauna sulhu da 'yan bindiga. Ra'ayoyi sun bambanta a kai, kuma masu ɗari-ɗari suna da hujja, don sun ga sulhun 2016 da na 2019 sun rushe. Ko da wannan ya ɗore, kada a zaci ranar da harbi ya tsaya ita ce ranar da hankali zai dawo. Jiki ba ya sa hannu a takardar sulhu. Yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, na dararen da babu abin da ya faru kafin ya yarda. Sau da yawa ma sai an samu sarari ne ciwon ke fitowa, mutumin da ya daure shekara biyar ya zube a lokacin da kowa ke cewa an samu lafiya. Saboda haka duk kasafin da za a yi na sake gina waɗannan garuruwa, bayan ajujuwa da rijiyoyi da taki, ya kamata a ware kuɗin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, malaman firamare da na Islamiyya a kowace gunduma kan wannan aiki, a kuma fara da 'yan sintirin da suka fi kowa kwanan ido biyu.